Mushe, Dokarka Ta Saɓa wa Darasinka



Tun farko in faɗa muku, ba zan kama sunan makarantarmu ba, ba kuma zan kama sunan malamin ba. Wanda ya sani ya sani. Wanda bai sani ba ya duba makarantarsu, ina jin zai tarar da irin abin da zan faɗa, ko da sunan darasin ya bambanta. Maganata a kan takarda ce guda ɗaya, gaba da baya, wadda delege ya raba mana ran Litinin da safe tun mushe bai buɗe baki ba. Takardar dokokin darasin da a jadawali aka rubuta masa biyosikoloji, mu kuma muke ce masa darasin ƙwaƙwalwa, wato ilimin yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da sinadaran jiki ke haifar da barci, tsoro, mantuwa, yunwa da fushi.

Ga abin da takardar ta ƙunsa, a taƙaice. Kur ɗin awa talatin ne, za a yi shi cikin kwana biyar, awa uku da safe, awa uku da marece. Ƙarfe takwas ana rufe ƙofa, wanda ya makara ya koma. Wanda ya rasa zama uku ba ya shiga jarrabawa. Dabuwar ran Alhamis da safe, ita ce kashi ɗaya bisa uku na maki, kuma wanda bai yi ta ba sifiri gare shi, sai fa in ya kawo takardar likita cikin kwana biyu. Babbar jarrabawa ran Asabar. Ba a shiga aji da waya. Ba a maido takardar jarrabawa, ba a jayayya a kan maki.

Na karanta, na ninke, na sa a aljihu, kamar kowa. Mun saba. Sai da mushe ya fara koyarwa na gane cewa duk abin da yake rubutawa a allo, ƙaryata takardar nan yake yi layi bayan layi. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Mu fara da ran Talata, ranar darasin tunawa da mantuwa. Mushe ya ba mu labarin Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, wanda a 1885 ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan awa ɗaya, bayan kwana ɗaya, bayan wata. Ya tarar mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko take aukuwa. Ya kuma tarar haddar da ta ci masa maimaici 68 a zama guda, maimaici 38 ya ishe ta in an raba shi kwana uku. Wannan ai ba sabon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. Wane malami ne ke rubuta wa yaro izu guda da safe ya ce ya wanke da la'asar? Kaɗan-kaɗan ake ɗorawa, a kwana a kai, a yi tilawa, sannan a ƙara.

Daga nan mushe ya shiga batun barci. Ya ce a 1924 wasu masu bincike biyu a Amurka, Jenkins da Dallenbach, sun nuna wanda ya yi hadda ya kwanta ya fi riƙewa bisa wanda ya yi hadda ya ci gaba da harkokinsa. Ya zana mana wani ɗan sashe da ke can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen kunnuwa, hifokam, ya ce nan ne sabon abu ke fara sauka kafin ya zauna daram, kuma barci na cikin abubuwan da ke zaunar da shi. Ya ba mu labarin Henry Molaison, wanda likita ya cire masa mafi yawan wannan sashe ta ɓangarori biyu a 1953 don a raba shi da farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma har ya rasu a 2008 bai sake iya ajiye sabon labari a kansa ba. Ka gaishe shi ka fita, ka dawo bayan ɗan lokaci, baƙo ne kai.

Wallahi darasin ya yi daɗi. Amma ina rubutawa ina lissafi. Polikopi shafi tamanin. Aji har ƙarfe shida na yamma. Dabuwar jibi, jarrabawa gata da kwana ɗaya. Yaushe za a raba maimaicin kwana uku? Yaushe za a yi barcin? A ɗakinmu mu huɗu ne, kuma a makon nan ba wanda ya kwanta kafin ƙarfe biyu na dare, da tocila a hannu duk sa'ad da aka ɗauke kuran. Mutumin da ya gama gaya mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, shi ne ya miƙo mana gora da wuƙa a bakin tasha. Yau wata uku da jarrabawar. Na ci 12. Ku tambaye ni hanyoyin da saƙo ke bi daga ido zuwa ƙeya, in na iya kawo rabi ku kira ni maƙaryaci. Makin yana nan a takarda, ilimin ya bi ruwa.

Kuma wannan tsari ko da ma'aunin hukuma aka auna shi bai cika ba. Tsarin LMD da ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007 ya ce kowane zango keredi 30 ne, kuma keredi ba awannin aji kaɗai yake ƙirgawa ba, har da awannin da ɗalibi zai zauna shi kaɗai ya yi nazari. Ina aka kai waɗannan awanni namu? In an cusa kur cikin kwana biyar an yi jarrabawa a na shida, to an rubuta mana keredi cikakke, an ba mu rabinsa.

Sai ran Laraba, darasin tsoro. Nan ne abin ya taɓa ni a jiki.

Mushe ya yi bayanin Walter Cannon, wanda tun 1915 ya bayyana yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu: adrenalin ya zubo daga ƴar halittar da ke bisa ƙoda, zuciya ta ƙara bugu, baki ya bushe, ciki ya daina narka abinci. Ya kawo Hans Selye da ɓerayensa na 1936, waɗanda wahala mai tsawo ta lalata musu jiki. Ya ce kortizol yana da amfani in ya tashi ya sauka, amma in ya yi yawa yana hana mutum tuno abin da ya riga ya sani, shi ya sa ɗalibi ke zama gaban takarda kansa ya zama fanko, yana fita kuma amsa ta dawo. Ya zana amigdal, ya yi mana raha cewa ba ta maƙogwaro ba ce, ta ƙwaƙwalwa ce. Ya ce binciken Joseph LeDoux a kan ɓeraye ya nuna ƙara na iya isa gare ta ta gajeriyar hanya, jiki ya zabura tun tunani bai gane mene ne ba. Misalin da ke cikin polikopi kuwa, wai mutum ne yana yawo a daji ya gamu da wata dabbar ƙasashen sanyi da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu.

Mu da ke Difa muna buƙatar a aro mana tsoro daga dajin Turawa? Ran 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Boso da Difa. A watan nan aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana fitar dare, aka takura cinikin tattasai da kifi, abincin gidajenmu ke nan. Ran 3 ga Yuni 2016 aka sake afka wa Boso. Ina da shekara goma sha ɗaya. Da ƙafa muka isa Tumur, ina goye da ƙanena, daga baya muka zauna a ƴan rumfunan da suka jeru gefen gudron. A ajinmu akwai wanda ya yi firamare a Kinjandi, akwai wadda ta girma a Sayam, akwai waɗanda iyayensu suka ƙetaro kogi daga Damasak. Ba mu cika yin zancen ba. Kowa ya san na kusa da shi.

To a zaman marecen ranar, wani ya turo ƙofa ya makara da minti biyar. Mushe ya taso ya mai da ƙofar ƙarfen nan da ƙarfi, gwaram! Ban san sa'ad da na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur ba. Wasu suka yi dariya, ban kuma ga laifinsu ba, dariyar ma wani lokaci tsoro ce. Na fito na zauna, hannuna na rawa, biro ya ƙi tsayawa. Zanen amigdal na nan a allo, da ƴar kibiyar gajeriyar hanya. Mushe ya dube ni ya ce in ban da lafiya in kawo takardar likita. Sannan ya juya ya ci gaba da bayanin abin da ya gama faruwa a gabansa, bai gane shi ba.

Nawa mai sauƙi ne. Ku ji na wata ƴar ajinmu.

Duk ɗan Difa ya san halin Komadugu. Ruwanta daga nesa yake tahowa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Nijeriya, shi ya sa sai damina ta ɗauke, sama ta yi wasai, sannan take cika ta tumbatsa. Mun ga abin da ta yi a 2019, mun ga na 2022. Yarinyar nan a gidan gwaggonta take zaune, a unguwar da ke kusa da gaɓa. Daren Laraba ruwa ya fara shiga. Maza suna cika buhuna da rairayi, mata suna kwashe hatsi da katifu da yara zuwa tudu. Ba ta runtsa ba. Gari na wayewa ta wanke ƙafa, ta nemi adaidaita ta rasa, ta tako. Ƙarfe takwas da minti ashirin ta iso, da taɓo har gefen zanenta. Ƙofa a rufe. Muna ciki muna rubutu, muna jin ta tana sallama a hankali, sau biyu, ta yi shiru.

An ce ta kawo takardar likita. Wane likita ne ke ba da takardar ambaliya? Lafiyarta ƙalau, kuma ba ta iya ƙarya ba. Na san waɗanda da su ne, da sun nemo takardar zazzaɓin cizon sauro kafin azahar. Wato dokar tana hukunta mai gaskiya, tana buɗe wa mai dabara hanya. Aka rubuta mata sifiri. Ku yi lissafi da ni: mai sifiri a kashi ɗaya bisa uku sai ya ci 15 bisa 20 a jarrabawa kafin ya kai 10. Ta ci 13, tana kwana a ajin wata firamare da aka sauke su. Ni da na kwana a kan katifata 12 na ci. Ni na wuce, ita ta faɗi da 8 da ɗoriya. Kawunta da ke biya mata kuɗin makaranta da kuɗin tattasai ya ce shekara uku ya yi alkawari, ba zai biya ta huɗu ba. Yanzu duk karatunta ya rataya a kan zama na biyu, wanda har yau ba a sa ranarsa ba.

Dokar waya ma haka. Polikopi shafi tamanin, kowane shafi dala biyar a wurin mai fotokopi, jika biyu ke nan. A WhatsApp aka turo shi daren Lahadi. Mai jika biyu ya buga, ya shigo da shi aji, yana bin mushe layi-layi. Wanda ba shi da ita, littafinsa na cikin wayar da aka hana shi shiga da ita. Kuma da yawanmu jika biyun nan ita ce kuɗin karin kumallo na mako. Mushe da bakinsa ya ce ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi ashirin na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Sai ɗalibi ya zaɓa, ko takarda ko ƙosai.

Yanzu bari in tsaya a wurin mushe, don kada a ce na yi shari'a da ɓangare ɗaya.

Mutumin nan daga Yamai yake tahowa, sama da kilomita 1,300, ta Dosso, Maraɗi, Damagaram, Gure, Maine Sorowa, yana kwana a hanya. Akwai takwarorinsa da ko nawa za a ba su ba za su tako Difa ba. Ya zo, kuma ya san aikinsa. Yana da ajujuwa a can suna jiransa, ba zai iya zama da mu wata huɗu ba. Na yarda. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ɗalibai ba waliyyai ba ne. Akwai wanda kakarsa ta rasu sau uku a shekara guda. Akwai masu shigowa ƙarfe tara suna jan takalmi, suna gaisawa da kowa. Akwai masu ɗaukar hoton amsa su tura wa na baya. In ba doka, aji ya zama kasuwar Talata. Gobe mu ne za mu tsaya a kan marasa lafiya da yaran da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, kuma wanda aka ba shi maki don tausayi zai cuci mutane. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya karanta takardar nan yana zaton neman sauƙin jarrabawa nake yi, ya sake karantawa.

Wani zai ce ai matsi shi ke gyara ɗalibi. Wannan ma mushe ya amsa shi da kansa. Gwajin Yerkes da Dodson na 1908 ya nuna ɗan matsi yana taimakawa, amma in aiki mai wuya ne, matsi na wuce wani mizani sai aikin ya lalace. Gishiri ne, miya ba ta yi sai da shi, amma ba a juye mata kwano. Kuma wanda ya kwana yana tare ruwa, ko wanda ƙarar ƙofa ke mayar da shi Boso, miyarsa da gishirinta ta zo.

Abin da na ƙi shi ne doka da aka kwafo daga wani wuri aka liƙa mana, ba a tambayi ina za ta zauna ba. Takardar nan an rubuta ta ne don ɗalibin da ke da ɗaki a cikin makaranta, da wuta dare da rana, da likita a bakin ƙofa, da uba mai albashi. Ban ce babu irinsa ba. A ajinmu dai ban gan shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ba wanda ya tambaye mu.

Ga abin da nake nema, kuma babu ko ɗaya da zai ci wa makaranta kuɗin kirki.

Na ɗaya, a raba jarrabawa da kur da aƙalla mako biyu. Mushe ya bar tambayoyinsa a rufe a ofis, wani ya tsare mu, a aika masa takardu a mota kamar yadda ake aika kowane saƙo. Tambayoyin su yi tsauri yadda yake so.

Na biyu, polikopi ya iso mako biyu kafin malami ya iso, a ajiye kofi biyar a ofis don masu aro. A bar waya a aji don karatu, a kashe mata murya. Ranar jarrabawa a karɓe ta a bakin ƙofa, ba mai cewa uffan.

Na uku, a faɗaɗa ma'anar uzuri. Ambaliya uzuri ce, rufe hanya uzuri ne, jana'izar uwa ko uba uzuri ce. Shaidar mai unguwa ko bulama, tare da sa hannun delege, ta wadatar. A ba mai uzuri dabuwar ta ramuwa sau ɗaya. Wanda aka kama da shaidar ƙarya a ba shi sifiri biyu, ni zan fara tafa hannu.

Na huɗu, ƙofa ta jira minti goma sha biyar, mai makara ya shiga shiru ya zauna a baya. In lokacin rufewa ya yi, a rufe ta da hannu. A garin nan ba a buga ƙofar ƙarfe.

Na biyar, a maido mana takardunmu mu ga inda muka kuskure. Darasin da kansa ya ce ƙwaƙwalwa da gyaran kuskure take koyo. Maki tsirara a jikin allo ba ya koya wa kowa komai.

Na shida, kafin darasin tsoro malami ya faɗa tun jiya cewa gobe ga abin da za a taɓa, wanda ya ji ba zai iya ba ya fita ya sha iska ya dawo, ba tare da an rubuta masa fashi ba, ba kuma tare da an ce ya ba da labarinsa ba.

Mu ma da namu. Wanda ya yi satar amsa kada ya zo wurinmu neman a tsaya masa. Wanda barci ya makarar da shi ya faɗi gaskiya ya ɗauki hukuncinsa. In muna so a yarda da uzurinmu, sai mun daina sayar da shi da araha.

Mushe, in takardar nan ta iso hannunka, kuma na san za ta iso, ka yi haƙuri da zafin bakina. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da ban saurari darasinka ba, da ban sami abin da zan yi maka gardama da shi ba. Kai ka ba ni sunan abin da ke kai ni ƙarƙashin tebur shekara da shekaru, ina zaton ragwanta ce, kuma wannan ba zan manta maka da shi ba. Abin da nake roƙo, ka ɗauki takardar dokokinka ka ajiye ta kusa da polikopinka, ka karanta su tare, ka gyara ɗaya da ɗaya kamar yadda kake gyara namu.

Ku kuma ƴan uwa, wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi, kofi kaɗan muka iya bugawa. Ran Asabar bayan la'asar za mu zauna da delege-delege na kowane aji mu rubuta buƙatun nan shida da Faransanci, mu sa hannu, mu kai ofis. Abu na farko da za mu tambaya shi ne ranar zama na biyu, domin ƴar ajinmu tana nan tana bitar shafi tamanin ɗin, kuma kawunta ya ba ta zuwa ƙarshen girbin tattasai.